Bangon da Na Kafa wa Baba Gyang a Barnawa

Kai Ishaku, ajiye wayar nan ka saurare ni. Tun safe nake jin ku kuna cika baki a kan bangon hawan da makarantar yaran nan ta ce mu yi mata. Wai aikin yini guda ne, a samo filawud, a bubbuga 'yan katakai a jiki, a shafa fenti, shi ke nan. Rashin sani ya fi dare duhu! Ni na kafa irin wannan bango tun iyayenku suna yawo ba wando, kuma har yau in hadari ya haɗu kafaɗata ta dama sai ta tuna min da shi.

Ku fara riƙe wannan. Kujera, tebur, gado, har rufin ɗaki, duk nauyi ƙasa yake danna su. Malam Sani, maigidana da na koyi aiki a wurinsa a Unguwar Mu'azu, Allah ya jiƙansa, na daɗe ina riƙe masa katako kafin ya yarda na taɓa zarto, ya kan ce kusa jaruma ce in ka danne ta, amma in ka ja ta sai ta biyo ka kamar akuya. To bangon hawa shi ne aikin da mutum yake rataya da dukkan nauyinsa yana jan katakon zuwa ƙirjinsa. Duk wanda ya sa kusa a irin wannan aiki, ya shirya zuwa asibiti gaida mara lafiya.

Aikin ya zo min ne a shekarar da soja suka canza kuɗi. Ba ku san wahala ba, ku. Masaƙun Kakuri suna ta sallamar ma'aikata, mutanen da suke ba mu aikin kujerun falo da gadon aure duk sun koma layin madara da sabulu. A shagona na bakin kasuwar Barnawa sai in yi mako ban ɗaga guduma ba, sai dai gyaran ƙafar benci. Ina zaune ina korar ƙuda wata 'yar mota bitil ta tsaya, wani mutum mai taye ya fito. Oga Pam ke nan, ma'aikacin gwamnati, mutumin Filato, gidansa yana cikin kwatas.

Ya ce, "Kai ne Bulus kafinta? Ina so ka yi min bangon da mutum zai riƙa hawa a bayan gidana."

Na ce, "Tsani kake nufi, oga?"

Ya ce ba tsani ba. Ya zauna a kan bencin da nake gyarawa, ya ba ni labari. Mahaifinsa ne, Baba Gyang. Tun yana yaro a kan duwatsu yake, gonarsa a saman dutse, zumar da yake ɗiba a kogon dutse. Da matarsa ta rasu, ga yanar ido ta fara rufe masa gani, sai Oga ya ɗauko shi ya kawo Kaduna. To Barnawa kun san ta, shimfiɗe take kamar tabarma. Tsoho ya hau mangwaron maƙwabta. Ya hau ƙarfen tankin ruwa. Rannan aka dawo daga coci aka tarar da shi zaune a kan kwanon boskwata, wato ɗakunan bayan gida, yara sun taru suna ihu, wata mata tana cewa maye ne.

Oga ya sa hannu a aljihu ya fito da sabon kwaɗo ya nuna min. Ya ce, "Na riga na saya. In abin da za ka yi bai riƙe shi a gida ba, kullum zan kulle shi a ɗaki kafin in tafi ofis. Ubana ne fa, Bulus. Amma gara in kulle shi da a kira ni a ce ya faɗo."

Na ce zan yi. Yunwa ce ta amsa, don ni ban taɓa ganin irin abin ba ko a hoto.

Bangon boskwatan na bulo ne, dogo, yana kallon bayan gida. Na kafa masa ƙashi da katakon madaci, na huda bulon har ciki, na zura bolti, na sa wosha mai faɗi ta cikin ɗaki na ɗaure da noti. Boltin kirki ya ɓace a kasuwa a lokacin, sai da na je wajen masu fasa tsofaffin motoci na kwanto na ƙafar lori. Wannan ɓangaren ban ji kunya ba. Inda na sha kunya shi ne mariƙan, wato abin da hannu zai kama da wanda ƙafa za ta taka. Na yanka katako murabba'i, na goge shi sumul, na jera su a layi daidai wa daida, na ja da baya ina yaba wa kaina.

Aka fito da Baba Gyang. Ɗan siriri ne, gajere, ba takalmi, amma yatsunsa kamar saiwar itace. Ya lallaba bangon da hannu, ya taɓa na farko, ya taɓa na biyu, ya sa hannu daidai inda na uku yake ba tare da ya nema ba. Sai ya tofar da yawu.

Ya ce, "Wane ne ya yi wannan?"

Na ce, "Ni ne, Baba."

"Ɗan katako, matan garinmu da ciki wata tara suna hawa rumbu da tsanin da ya fi wannan wuya. Ka ɗauke ni tsoho ne?"

Oga Pam ya kalle ni, na kalli ƙasa. Washegari tsohon ya koma kan tankin ruwa.

Da na dawo na cire su duka, sai na ajiye girman kai na zauna kusa da shi na ce ya koya min. Ya kama hannuna ya lanƙwasa min yatsu iri-iri. Ya ce akwai dutsen da kake rungumarsa da tafi, akwai wanda yatsu uku kawai yake ba ka, akwai wanda sai ka tsunkule shi, akwai tsagar da kake cusa hannu ka dunƙule. Ya ce dutse ba ya gaya maka inda na gaba yake, sai ka nema, kuma neman shi ne daɗin. In hannu ya san hanya tun kafin ya tashi, to mutum bai hau komai ba.

Katakon kasuwa ba ya yin wannan aiki, tsagewa yake in ka sassaƙa shi ƙarami. Sai na bi gida-gida a Unguwar Sanusi ina sayen fasassun turame da karyayyun taɓare, na ƙirya, itacen da yake cin bakin gizago. Mata suna ta yi min dariya, wata ta ce ko amarya zan yi wa kayan ɗaki da su. Na sassaƙa kowanne da kamarsa daban, na bi shi da magagari don ya yi kaushi, na kai wa Baba. Ya kan murza da babban yatsa, in ya yi masa ya ajiye a dama, in bai yi ba ya jefar ta bayan kai, ko ina tsaye a wurin. Wajen ɗaurawa kuwa shi yake tsayawa jikin bango ya miƙe har haƙarƙarinsa ya fito, ya ce, "Nan. A'a, ƙara gaba kaɗan, inda zan ji haushi."

Rigimar da ta fi zafi a kan tsawo aka yi ta. Oga ya ce kada ya wuce kan mutum. Baba ya ce in bai kai bakin kwano ba a ba wa kaji su hau. Suka yi ta musu da yarensu, ni ina tsaye da guduma kamar dogari. Da suka gaji na ce ga shawara. Bangon yana da tsawo ta gefe, bari hanyar ta bi ta gefe, ƙasa-ƙasa, mai wuya, ta yadda kafin ya kai ƙarshe ya gaji. A kusurwar ƙarshe kaɗai za ta miƙe sama zuwa bakin kwano. A ƙarƙashin kusurwar zan fasa siminti in haƙa rami, in cika shi da yashin kogin Kaduna da garin katako, yadda ko ya faɗo zai faɗa a taushi.

Oga ya ce, "Wa ya tabbatar min?"

A sana'armu wanda ya kafa shi yake fara hawa. In ka yi rufi kai za ka fara takawa, in ka yi gado kai za ka fara zama. Na cire takalmi, da tumbina da komai, na kama. Wallahi kafin in kai rabi ƙarfina ya fara ƙarewa, Baba yana ƙasa yana jin nishina yana cewa, "Ɗan katako, haihuwa kake yi?" Da ƙyar na kai bakin kwano. Na rufe ido na saki. Na faɗa cikin yashi tim, na tashi ina kakkaɓe wando, ba abin da ya same ni. Oga ya daɗe yana kallon ramin, sannan ya ce to.

Daga nan aka samu lafiya. Tsoho ya bar mangwaron mutane, ya bar tanki. Kullum da safe ya hau, da yamma ya hau, in ya kai sama ya zauna a bakin kwano ya juya fuska gabas yana shan iska. Duk bayan 'yan makonni na kan je in ƙara ɗaure noti, in sauya wa wasu mariƙan wuri don kada hannunsa ya haddace hanya. Madam Ladi, matar Oga, mace mai kirki da tsabta, ba ta taɓa barina na tafi ban ci abinci ba. Ta ce min tun da aka kafa bangon surukinta ya fara cinye tuwonsa.

Ana saura 'yan kwanaki Kirsimeti aka kai Baba asibitin ido a Kano don a cire masa yanar. Ni kuma ana jajibiri Madam ta aiko a kira ni, wai bencinan da ta aro don baƙi suna rawa. Na isa da safe. Gida ya sha sabon fenti ciki da waje, kamar yadda kowa yake yi a wannan lokaci, warinsa har bakin titi. Mata sun cika kicin suna fige kaji.

Na ce, "Madam, Baba ya dawo?"

Ta ce, "Jiya da yamma. Yana ɗaki yana hutawa, likita ya ce kada ya yi motsi da yawa. Bencinan suna baya."

Na zagaya baya, sai na tsaya cak.

Bangona yana ta walƙiya. Mai fenti ya bi mariƙan nan ɗaya bayan ɗaya da fentin mai, ja da kore da rawaya, ya cike duk kaushin da na yi da magagari, sun koma sumul kamar kwalba. A kan yashin ramin kuwa an kafa murhu, manyan duwatsu uku, an ɗora ƙatuwar tukunyar ƙarfe ta shinkafar biki, ba a kai ga hura wuta ba. Sama da tukunyar, a kusurwa, kusa da bakin kwano, ga Baba Gyang manne da bango, da farin bandeji a ido. Ƙafarsa ta hagu tana kaɗawa. Daga inda nake ina jin numfashinsa.

Na san in na yi ihu zai firgita. Na matso a hankali na ce, "Baba, ɗan katako ne. Tsaya yadda kake, kada ka motsa."

Bai juyo ba. Ya ce, "Hannuna ya mutu, ɗan katako. Kwana kaɗan a gadon asibiti, hannuna ya mutu. Ba ya riƙe komai."

"Ba hannunka ba ne, Baba. Fenti aka shafa musu."

"Ƙarya kake yi don ka faranta min."

"Na rantse da Allah fenti ne. Riƙe, ina zuwa."

Ashe tun daga mariƙin farko ya ji santsi, amma da yake duk gidan warin fenti yake, bai kawo komai ba. Ya ɗauka ƙarfinsa ne ya ƙare, sai ya ci gaba don ya ƙaryata jikinsa. Yanzu ga shi ba gaba ba baya, don sauka ta fi hawa wuya, kuma a tunaninsa in abin ya ƙi sai ya saki ya faɗa yashi kamar yadda ya saba.

Na ce, "Baba, ko me ya faru kada ka saki. Akwai duwatsu a ƙasa."

Na waiga neman tsani, mai fenti ya tafi da abinsa. Na kama tukunyar nan, wadda mata biyu suke ɗauka, na ja ta na mirgina gefe. Na ɗaga dutsen farko na jefar. Ina jin yatsunsa suna ƙara a kan fenti, ƙiii, yana gyara riƙo. Na ɗaga na biyu. Na uku shi ne babba, kuma nauyin tukunya ya nutsar da shi cikin yashi. Na durƙusa ina tona gefensa da hannu, ina cewa, "Saura kaɗan, Baba, saura kaɗan."

Ƙarar tukunyar ce ta fito da Madam. Tana ganinsa ta ɗora hannu a ka ta ce, "Yesu!"

Ban sani ba ko muryarta ce, ko dama yatsun sun gama. Na ɗaga kai na ga hannunsa na dama ya zame. Na miƙe na buɗe hannuwa. Ya sauko a kafaɗata, na ji ta fita daga gurbinta, muka zube tare. Kansa ya tsira, a ƙirjina ya sauka. Amma kwatangwalonsa ya samu dutsen nan na uku, na ji ƙarar kamar an karya rake.

Bai yi kuka ba. Yana kwance yana haki ya ce, "Kawo min ɗaya in taɓa." Ba yadda zan kwanto masa, sai na kama hannunsa da hannuna mai lafiya na ɗora a kan mariƙin da yake ƙasa. Ya murza da babban yatsa. Ya ce, "Fenti ne kuwa." Har da ɗan murmushi.

Ni ban taɓa zargin Madam Ladi ba, kuma kada in ji wani ya zarge ta. Ta yi kuka har muryarta ta dushe. Ta ce ta ga guntayen tsofaffin turame ne a jikin bango, ga baƙi za su zo daga coci, ta ce a yi musu ado Baba ya dawo ya tarar da abinsa sabo. Murhun kuma, duk tsakar gidan siminti ne, wuta za ta fasa shi, ramin nan kaɗai ne ƙasa. Wace mace ce a Barnawa ba za ta yi haka ba?

An yi Kirsimeti a asibiti. Maɗori ya mayar min da kafaɗa, Baba kuwa likitoci suka ce a shekarunsa ƙashin ba zai haɗu yadda zai sake takawa ba. Da aka dawo da shi gida Oga ya aiko min. Fuskarsa ba annuri ya ce, "Kwance shi duka. Ba na son in sake ganinsa."

Na fara kwance noti. Tagar ɗakin Baba tana kusa, sai na ji muryarsa, ta yi ƙasa sosai. "Ɗan katako, shigo."

Ya rame, ya juya fuska ga bango, ga kwanon abinci ba a taɓa ba. Aikin idon ma bai yi wani amfani ba. Ya ce, "Ina za ka kai su?"

"Shago, Baba."

"Kankare fentin. Ka kawo su nan, ka ɗaura min daga bakin gadon nan zuwa ƙofa."

Oga yana tsaye a bayana ya ce, "A'a, Baba. Ya isa haka."

Tsohon ya yi masa magana da yarensu, doguwa, a hankali, ba faɗa. Ban ji ko kalma ɗaya ba. Oga ya fita waje. Da ya dawo idonsa ya yi ja, ya ce, "Yi masa abin da ya ce."

Na zauna na kankare su ɗaya-ɗaya da magagari har jan itacen ya fito sabo. Na huda bangon ɗakin, na zura bolti, na ɗaure ta waje. Na so in jera su daidai ƙugu yadda zai dafa cikin sauƙi, ya ce in na yi masa layin tsofaffi zai sa a cire. Yana kwance yana nunawa da sanda, wannan sama, wancan ƙasa, wancan nesa kaɗan. Da ya rage guda ɗaya a hannuna, ƙarami, mai ɗaukar yatsu uku, sai ya ɗaga sandar can sama da ƙofa, kusa da silin.

Na ce, "Haba Baba. Ko mai ƙafa biyu sai ya yi ɗage kafin ya taɓa nan."

Ya ce, "Na tambaye ka? Ɗaura."

Na kalli Oga. Ya ɗaga kafaɗa, ya ce min a hankali, "Sa masa. Ai ba zai kai ba."

Bayan wata biyu Madam ta tsaya a shagona ta ce Baba yana tashi zaune da kansa. Da damina ta faɗi ta ce yana jan jiki da hannu, mariƙi bayan mariƙi, ƙafa ɗaya tana ja a ƙasa, har ƙofa, ya zauna ya sha hantsi, kuma ba ya yarda kowa ya taimake shi. Ya ƙara shekara guda da wani abu a duniya. Ciwon ƙirji ne ya ɗauke shi, a kan gadonsa.

Na je gaisuwa. Bayan an yi addu'a mutane sun ragu, Oga Pam ya kama hannuna ya kai ni ɗakin. Ƙirya in an kankare ta ja ce, amma in hannu ya daɗe yana kama ta sai ta yi baƙi tana sheƙi. Duk mariƙan daga gado zuwa ƙofa sun yi baƙi. Oga ya nuna min ƙaramin nan da yake sama da ƙofa.

Shi ma ya yi baƙi, kamar sauran.

Ya ce, "Ba wanda ya taɓa ganinsa a nan, Bulus. Ni ban gani ba, Ladi ba ta gani ba."

Na matsa ƙarƙashin ƙofar, ni mai ƙafa biyu lafiyayyu. Na yi ɗage, na miƙa hannu iyakar ƙarfina, da ƙyar kan yatsuna suka taɓa shi.